Jan Daushen Marigayi Yakubu

Wallahi kun ishe ni. Yau kwanana goma sha ɗaya da dawowa daga Togo, ban samu na zauna a rumfa na yi ciniki cikin natsuwa ba ko sau ɗaya. Wannan ya leƙo ya ce, "Malam Iro, wai da gaske ne har ƙasar waje aka kira ka ɗanɗanon goro?" Wancan ya ce ai yawon buɗe ido na tafi, na fake da goro. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa, amma mai karantawar kar ya ƙara gishiri.

Alhaji Mumuni na Sokode ɗan'uwana ne. Kakansa da kakana uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka bi ayarin goro, nasa ya tsaya a hanya ya yi aure, nawa ya dawo Kano. Shi ne ya bugo min waya wata Juma'a, muryarsa ba daɗi. Ya ce ƙanwarsa Asana ce ke cikin damuwa. Tana zaune a Dapango, can arewacin Togo kusa da Burkina. Mijinta Malam Yakubu ɗan goro ne, Allah ya yi masa rasuwa, ya bar mata huhu uku na jan goro. Kuma ba kowane goro ba, na shekarar nan da ruwa ya ɗauke da wuri a kurmin Asante. Ku 'yan goro kun san shekarar da nake nufi. Goron ya fito ƙanana, a ƙulle, amma duk wanda ya sa shi a baki bai manta ba. Mu a nan ko wata shida bai yi ba ya ƙare ƙaf.

Ita kuwa Asana ta riƙe nata wata ashirin cur. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, goron da ya shekara shi muke kira daushe, kuma abokiyar gabarsa ita ce sankara, tsutsar nan da ke cinye shi ta ciki. Da ta fito da shi kasuwa, sai 'yan goron garin suka shinshina suka ce akwai wani wari a jikinsa. Suka ce babu goron da zai yi wata ashirin ba sankara sai in an barbaɗa masa maganin ƙwari. Kafin ka ce me, magana ta zaga gari cewa matar Yakubu tana sayar wa mutane guba. Har ɗan goron yau da kullum da take kasawa a faranti aka daina saya. A ƙarshe suka yarda a kawo wanda ba ɗan gari ba, wanda ba shi da ko huhu ɗaya a kasuwar, ya ɗanɗana a gaban kowa ranar Asabar, ranar babbar kasuwarsu.

Mumuni ya ce, "Yaya, ni ban san wani ba sai kai."

Na ce, "Da ma wa za ka sani?" Ku yi ta cewa ina da girman kai, shekara arba'in nake wannan aiki.

Akwai ƙa'idar da na gada wurin mahaifina. Kwana uku kafin babban ɗanɗano ana kame baki: ba barkono, ba sukari, ba shayi, ba turare, ba man goge baki. Kuma ruwan kurkure baki sai wanda harshe ya saba da shi. Saboda haka na cika galan da ruwan rijiyar gidanmu na rungume abina. Na lissafa zan isa Sokode ranar Talata, in ci abincin 'yan'uwa in ƙoshi, Laraba in kame baki.

Daga Kano zuwa Cikanda ta bakin iyaka ba abin da zan ba ku labari sai ciwon baya. Mun shiga ƙasar Binin lafiya, muka wuce Nikki, muka isa Faraku. A nan ne motar da za ta kai mu iyakar Togo ta ce ba ta san zance ba. Direban ya shiga ƙarƙashinta tun hantsi, ya fito la'asar da wani ƙarfe a hannu yana murmushi, ya ce sai gobe. Na tambaye shi abin murmushi a ciki, ya ce ai ya gano ciwon. Haka na kwana a zangon Faraku wurin wani mai masauki Bazabarme, mutumin kirki, amma ɗakinsa da albasa muka raba shi. Kwana guda ya tafi a banza, lissafina ya rushe.

A bakin iyaka kuma sai ga wani jami'i dogo ya nuna galan ɗina. Hausarsa 'yar kaɗan ce, Faransancina kuwa babu. Wata mata mai sayar da doya ce ta yi mana tafinta. Ta ce yana zargin sodabi ne, wata giyar kwakwa da suke yi fara fes kamar ruwa. Ni! Da furfurata da carbina! Na ce ta gaya masa ruwan rijiya ne daga Kano. Da ta faɗa, sai duk wurin aka kwashe da dariya, wai mutum ya ratso ƙasa biyu da ruwan rijiya kamar Togo ba a ruwan sama. Ya zuba kaɗan a ƙasa ya ƙyasta ashana, bai kama ba. Ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ya kira abokan aikinsa su ma su ji ruwan Kano. Ina ji ina gani galan ya zaga hannu biyar. Ɗan abin da ya rage kuma, muna kan babur zuwa Kambole murfin ya fice a wani rami, ruwan ya ƙare a wandona. Haka na shiga kasuwar Kambole da jiƙaƙƙen wando, mata suna kauda kai don su rufa min asiri. Ban tsaya yi wa kowa bayani ba, wa zai yarda?

Na isa Sokode ranar Laraba da azahar. Garin Musulmi ne sosai, ko ta ina masallaci, sai dai abin da ya fara ɗaure min kai shi ne mata. Su ne a kan babura, su ne a manyan shaguna, kuma in suna ciniki namiji ba ya sa baki. Gaisuwarsu kuma doguwa ce. Mutum zai rusuna har ƙasa, kai ma ka rusuna, ku yi ta amsa wa juna a hankali har gwiwa ta fara ƙara. A Kano da ka yi wannan da an ɗauka roƙo ka zo. Hausar zango kuma daɗi gare ta, ga Faransanci a ciki ga Kotokoli, yaren 'yan garin, kuma ba ruwan wasunsu da mace ko namiji. Da Mumuni ya ce min, "Matata ya yi maka girki tun jiya," sai da na waiga in ga ko wani ƙato ne zai fito.

Hajiya Fusena ce ta fito, matarsa, Bakotokoliya, gajeriya mai fara'a. Ta shimfiɗa tabarma ta fara jere. Sakwara mai laushi da miyar gyaɗa ja wur da barkono. Soyayyen wagasi, cukun nan nasu na madarar shanu. Shinkafa da wake da wani yaji baƙi da ƙamshinsa kaɗai ya sa na yi atishawa. Jama'a, na yi kwana uku ina cin burodi a mota, kuma ranar ce ranar farko ta kame bakina. Na haɗiye yawu na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan iya ci ba."

Fara'ar ta ɗauke ɗif. Ta dubi mijinta, ta dube ni, ta ce, "Yaya, kai ma ka yarda da maganar ke nan? Abincin gidanmu ma yanzu tsoronsa ake yi?"

Wallahi ban taɓa kawowa maganar gubar ta taso daga Dapango har ta iso tukunyar Sokode ba. Ashe har a nan wasu sun fara yi musu gani-gani. Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla, na ce harshen nan shi ne kaɗai abin da na kawo wa Asana, in na ƙona shi da barkono na zo a banza. Sai ta kwashe kwanukan da kanta. Ta dawo da sakwara zalla ba miya, da ruwan ɗumi. Daga lokacin ta zama mai gadin bakina. Maƙwabci ya kawo min shayi ta kore shi. Mumuni ya fesa turare zai tafi masallaci ta sa shi ya canza riga. Sakwara ba miya kuwa, Allah kar ya jarrabe ku da ita.

Alhamis da sassafe ni da Mumuni muka hau mota zuwa Dapango. Hanyar doguwa ce, akwai inda aka tsaga dutse gida biyu mota ta bi ta tsakiya, direba ya ce kowa ya yi addu'arsa. Ni ba dutsen ne ya dame ni ba. Bayan mun wuce garin Kara wani mai tallan turare ya shigo, ya ɗaga kwalba ya fara fesa wa fasinjoji kyauta don su ji. Na yi tsawa na ce in ya matso kusa da ni sai na jefar da kwalbar ta taga. Na naɗe hancina da rawani har garin Mango. Mumuni ya yi ta ba mutane haƙuri yana cewa yayansa ba shi da lafiya. Wata tsohuwa ta tausaya min ta miƙo min citta, ita ma na ƙi karɓa, ta ce lallai ciwon ya yi nisa.

Dapango gari ne na babura da jakuna da zabi. Mutanen ƙasar Moba ne, manoma, ga kuma 'yan zango 'yan kasuwa da mahauta. Sai ka ga rumfar masu burukutu a nan, ga masallaci can gaba kaɗan, kowa yana harkarsa ba mai harar wani. Sarkin 'yan goro, Alhaji Buraima, shi ya tarbe mu. Dattijo ne mai kamala, kar ku ɗauka mugu ne. Shi dai ya yi imani da abin da hancinsa ya gaya masa. Ya ce ba zan sauka a gidan Asana ba, ba zan ga goron ko ɗakin da yake ba sai ranar, kuma ba zan sauka gidan wani ɗan goro ba. Na ce haka ya dace. Sai aka kai ni gidan wani Bamobe Kirista, Musye Duti, wanda ya yi shekara talatin yana aiki a wani babban otal a Lome kafin ya yi ritaya.

Da Musye Duti ya ji abin da ya kawo ni da irin kamen da nake yi, sai ya tafa hannu ya ce ai shi ma aikinsa ke nan. Ya ce a otal shi ne mai ɗanɗana jar giyar inabi ta Turawa, tsohuwa, wadda ake ajiyewa shekara ashirin.

Na ce, "A'uzubillahi! Musye, goro za ka haɗa da giya?"

Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, ba zai kawo ta kusa da ni ba. Ya aika aka kawo zoɓo a kofin gilashi don ya nuna min yadda ake yi. Ya karkata kofin a kan farin ƙyalle, ya ce da farko ana duba launi, sabuwa ja ce mai duhu, tsohuwa kuwa gefenta yana komawa kalar jan bulo. Ya juya kofin, ya sa hanci. Ya kurɓi kaɗan ya zagaya da shi cikin baki, ya tofar, ya tsaya shiru yana ɗaga yatsa. Ya ce a wannan shirun ake gane mai daraja, wadda ɗanɗanonta ke daɗewa bayan ta bar baki. Ya ce kuma akwai shekarun da ruwa ke ƙaranci, inabin ya fito ƙanana masu ƙarfi, to giyar wannan shekara ita manya ke rububi, har suna kiranta da shekararta.

Na saki baki ina kallonsa. Na ce, "Musye, abin naku haramun ne a wurina, kuma ba zan canza ba. Amma aikin na gane shi, ko ubana haka yake tsayawa bayan ya tofar." Daga nan muka zama abokai. Da na ba shi labarin galan ɗina, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya buɗe wata randa da yake tara ruwan sama a ciki, ya ce babu ruwan da ya fi wannan rashin ɗanɗano. Na kurɓa na ji gaskiyarsa. Ya kuma ara min farin faranti na tangaran.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Asana ta zo gaishe ni, Mumuni yana tsaye, Musye Duti yana zaune a gefe a matsayin shaida. Mace ce siririya, ba ta kai hamsin ba. Abin da na fara gani hannunta ne, yatsun sun rine sun yi ja kamar ta ƙunsa lalle. Ta ce duk kwana takwas take kwance huhunan, ta juya goron ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da wanda ya nuna alama, ta sauya ganyen fita na naɗe goro da ake kawo mata daga kudu. Ita kaɗai, wata ashirin. Huhu uku sun koma biyu da ɗan kai.

Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ni ban sa masa komai ba, Allah ne shaidata. Amma watan farko maigidana Malam ne ya ɗaure shi da kansa, ba na wurin. Yana kwance ya ce min bai sa magani ba, in riƙe shi da ganye kawai. Ban taɓa sa goron nan a bakina ba. Da farko kewa ce ta hana ni, yanzu kuma tsoro. In na ji magani a ciki, to Malam ya yi min ƙarya ke nan a kan shimfiɗar mutuwa."

Mumuni ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Yaya, kar ka rufa min asiri don zumunci. In akwai, ka faɗa a gaban kowa."

Na ce, "Ƙanwata, ko ba ki roƙa ba haka zan yi." Na faɗa da ƙarfin hali, amma aikin ya ƙara nauyi. Da sunan mace ɗaya na ɗauka na zo wankewa, ashe har da na mamaci.

Asabar da hantsi rumfar 'yan goro ta cika maƙil, har mata masu tumatir sun bar kayansu sun zo. Aka sauke huhu ɗaya. Alhaji Buraima da kansa ya zura hannu ya ɗebo daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa, ya zuba a farin farantin. Na yi bismilla na ɗauki ɗaya.

Ido ya fara. Ja ne mai duhu, ya koma kamar hanta, fatarsa ta ɗan tattare amma ba ta bushe ba. Babu huda ko ɗaya. Na auna shi a tafin hannu, yana da nauyin da ya fi girmansa. Sannan na kai shi hanci, sai na ji abin da suka ji. Akwai wari, jama'a. Wani abu mai ɗan tsami, mai kaifi, wanda ba na goro ba ne, ba kuma na ganye ba. Na ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka. Na saci kallon Asana, tana tsaye bayan Mumuni ta dafe ƙirji. Alhaji Buraima ya ga fuskata ya gyara zama.

Na sa farce na ɓare shi. Ya ce ƙas, ƙara mai tsabta, ba irin ta goron da ya yi laushi ba. Cikin ja ne har tsakiya. Na shinshina cikin, babu warin nan ko kaɗan. Na kurkure baki da ruwan Musye Duti, na gatsa da haƙoran gaba, na tauna a hankali. Wata mata ta yi salati, ta ɗauka faɗuwa zan yi.

Goron da aka sa wa magani ba ya ɓuya. Kan harshe yana mutuwa, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, kuma baki ya yi kamar ka tsotsi mukulli. Na jira waɗannan ukun. Shiru. Abin da ya zo shi ne ɗaci mai natsuwa, ba mai duka ba, sai bauri kaɗan a gefen harshe, babu yauƙi ko ɗigo. Na tofar, na kurɓi ruwa. Nan take zaƙin ya taso daga can baya, ya cika baki, ya hau har hanci. Na ja carbi ina ƙirgawa, na yi talatin da uku yana nan, na sake talatin da uku yana nan. A shekara arba'in ɗina sau biyu na taɓa cin daushe irin wannan, kuma ɗayan a hannun ubana ne. Na ci na tsakiya, na ci na ƙasa, duk bakinsu ɗaya.

Na ce, "Babu magani a goron nan. Kuma duk wanda yake da irinsa a rumfar nan ya fito da shi in gani."

Aka fara hayaniya. Alhaji Buraima ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Malam, mun ji. Amma ɗan'uwansu ne kai. Warin fa? Kai ma ka ji shi, na ga fuskarka. In ba magani ba ne, mene ne?"

Gaskiyarsa ce. Na ɗauki wani goron da ba a ɓare ba, na rufe ido, na shaƙa a hankali. Na san warin nan, amma daga ina? Na sake shaƙa. Sai ga ni a ɗakin kakata ina ɗan shekara bakwai, mata sun durƙusa suna dukan ƙasa da madaɓi, ana yayyafa wani jan ruwa daga ƙwarya. Na buɗe ido na ce, "Makuba ce. Ɗakin da goron nan yake daɓen makuba gare shi, kuma sabo ne, bai fi wata biyu ba. Ban taɓa taka gidan ba, kun sani."

Samarin cikinsu ba su ma san kalmar ba, sun tashi a gidan siminti. Na ce ruwan ɓawon ɗorawa ne da ake jiƙawa a daɓe ƙasa da shi. Musye Duti ya miƙe ya ce ai matan Moba har gobe suna yi. Asana ta ce gara ce ta fara huda ƙasan ɗakin, maƙwabtanta mata suka taya ta sake daɓe shi kafin ta fito da goron kasuwa.

Duk rumfar muka ɗunguma zuwa gidan, kasuwa tana biye da mu. Tun daga bakin ƙofar ɗakin warin ya tare mu. Alhaji Buraima ya cire takalmi ya shiga, ya durƙusa ya goga tafinsa a daɓen, ya shinshina, ya shinshina goron. Ashe duk tsawon rigimar nan a fata suka tsaya, babu wanda ya yi ƙarfin halin taunawa. Ya ɓare ɗaya ya jefa a baki. Na ga lokacin da zaƙin ya iso masa, don girarsa ta ɗaga. Ya fito tsakar gida ya ce da ƙarfi yadda na waje za su ji, "Mun zalunci matar Yakubu. Ni na fara faɗa, ni nake janyewa. Asana, ki yafe mana." Sannan ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya yi girma a wurin nan, kuma ban ga laifina ba. A duk aikin da na yi a rayuwata babu ranar da nake alfahari da ita kamar wannan.

Nan da nan masu cewa guba ce suka koma masu neman a sayar musu. Asana ta ce kowa ya yi haƙuri sai gobe. Da mutane suka watse, saura ni da Mumuni, sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta jawo huhun. Ta daɗe tana zaɓe, ta ɗauko mafi ƙanƙanta. Ta ɓare, ta sa ɓari ɗaya a baki. Ta tauna, ta tsaya, hawaye suna zuba ba ta share ba.

Ta ce, "Yaya, da ma haka yake?"

Na ce, "Haka yake, ƙanwata. Mijinki ya san goro, ke kuma kin san riƙo."

Ta ce, "Wata biyu ina zarginsa a zuciyata. Allah ya yafe min, Malam bai taɓa yi min ƙarya ba."

Ɗaya ɓarin yana hannunta. Ba tare da ta duba ba ta miƙa shi gefen dama, inda babu kowa sai tabarma, yadda hannunta ya saba miƙa wa mijinta shekara da shekaru. Hannun ya tsaya a miƙe. Ni da Mumuni babu wanda ya karɓa, don mun san ba namu ba ne.